Ni na rubuta dangin ƙauye don a yi dariya, sai ga ni a motarsu

Jiya wata ta biyo ni ta bayan fage tana tambaya me ya sa na tsayar da littafina a tsakiya, wata bakwai babu sabon shafi. Na ce mata rashin lokaci ne. Ƙarya na yi mata. Bari in faɗi gaskiyar a nan. Zaren zai yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare.

Ga waɗanda ba su sani ba, ina ɗan taɓa rubutun littafi a waya. Ba wata shahararriya ba ce. Guruf biyu ne a WhatsApp sai Wattpad. Shafukan farko kyauta, in labari ya ɗau zafi a biya naira 500 a shiga guruf ɗin kuɗi. Kun dai san tsarin.

Kuma irin labarin nan da kuka sani nake rubutawa. Saurayi miskili, ɗan gidan wane, bai cika shekara 32 ba amma yana da kamfani a Dubai da asibiti a Abuja, magana ma sai ya ga dama. Yarinya 'yar talakawa, kyakkyawa, gashi har gadon baya, tana aikatau a gidansu. Hajiyarsa ta rantse ba za ta haɗa jini da matsiyata ba. A sha wuya shafi 60, a ƙarshe a yi biki na kece raini.

Bikin nan shi ake biya wa 500 ɗin, kowace marubuciya ta sani. Ki kashe uwar jaruma, za a yafe miki. Ki gaggauta biki, wallahi sai kin bar guruf ɗin da ƙafarki. Dole ki ƙirga: lefe akwati 24, mukullin mota a cikin ƙaramar jaka, sarƙar gwal saiti kaza, kamu, sa lalle, daren iyaye mata, dina ɗaya a Kano ɗaya a Abuja, 'yan baƙin ciki na gefe kamar su haɗiyi zuciya.

Daga ina muke samo kayan aikin? Instagram mana. Bikin Fatima Dangote a 2018, wanda har Bill Gates ya halarta. Auren Yusuf Buhari da Zahra Nasir Ado Bayero a Bichi, watan Agustan 2021, ranar da jiragen manya suka cika filin jirgin Malam Aminu Kano. Mu zuƙo hoto mu ƙare wa leshi kallo, mu je mu ɗinka wa jarumarmu.

Abin dariya, sadakin wancan auren na Bichi naira 500,000 ne. Ɗan shugaban ƙasa mai ci a lokacin ke nan da 'yar sarki. Ni kuwa jarumina sisin gwal 100 na sa ya biya, kuma ko mutum ɗaya bai ce min ya yi yawa ba 😭

To, a shafi na 47 na kawo dangin amarya daga ƙauye. Na cika mota da su har da kaji. Na yi wata tsohuwa mai jan haƙora saboda goro, ta shiga lif ta ɗora hannu a ka tana salati, ta shanye ruwan wanke hannu, ta buɗe leda a ƙarƙashin mayafi tana zuba nama. Ango ya kalle su ya taɓe baki, amarya ta sunkuyar da kai don kunya.

Ban taɓa samun sharhi irin na ranar ba. Dariya har da masu turo murya suna tari. Na kwanta ina jin ni ma na zama marubuciya.

Ku riƙe wannan tsohuwar, za mu dawo kanta.

Muna da wani Baffa a Abuja. Shi da babanmu 'ya'yan wa da ƙani ne, gida ɗaya suka tashi a cikin birnin Kano. Mahaifiyarsa ta rasu yana rarrafe, sai yayar babanmu, Goggo, ta ɗauke shi tana budurwa. Ita ta goya shi, da ta yi aure ta tafi da shi ɗakinta. Allah bai ba ta haihuwa ba, shi ne ɗan.

Tun yanzu in faɗa, kada wani ya zage shi a ƙasan zaren nan. Ba mugu ba ne. Shi ya kai ta Makka, shi ya gyara mata ɗaki, duk azumi buhunta na zuwa. In na ga zagi zan goge.

Aka sa ranar 'yarsa ta fari. Kati ya iso gidanmu iri biyu. Fari, na ɗaurin aure da yini, an kawo da yawa a raba wa dangi. Sai wani mai ruwan gwal a cikin ɗan akwati, na dina, guda biyu rak, na babanmu da Ummanmu. Umma ba ta jin daɗi a lokacin, ta ce in je a madadinta.

Babu wanda ya yi wa Goggo bayanin bambancin. Ni na gane, na yi shiru. A raina na ce ai ita ba ta buƙatar kati, wa zai tare uwar uban amarya?

Anko kuwa da aka faɗi kuɗinsa Umma ta ce kowa ya sa abin da yake da shi. Ni ban haƙura ba. Na shiga Kantin Kwari na yi yawo har na samo mai kama da shi a kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin. A hasken rana ba ka bambancewa. A ƙarƙashin fitilun holi ne asiri ke tonuwa, wannan sai daga baya na sani.

Goggo ta ɗauki adashinta ta sayi alkama da fulawa da shinkafa da sukari da man shanu. Kwana tara ita da maƙwabtanta biyu suna aikin gara. Wanda bai taɓa ganin ana alkaki ba ba zai gane ba: a ɓarza alkama, a kwaɓa, a bar ta ta kwana ta tashi, a murza a naɗe ɗaya bayan ɗaya, a soya, a tsoma a ruwan sukari. Ga dubulan, ga nakiya da ake daka ta har kafaɗa ta sage. Mace mai shekara 70 da ɗoriya.

Na ce, "Goggo, ki huta mana, can fa komai saye suke yi."

Ta ce, "'Yar nan, jikata ce za a kai gidan wasu. A ce ba ta da dangin uba?"

Bokiti shida. Da hannunta ta ɗaure kowanne da sabon yanki.

Baffa ya turo bas. Mu 18, yawanci tsofaffi mata, muka kama hanyar Zariya, Kaduna, har Abuja. A hanya Goggo ta hana a ɗora komai a kan bokitan nan, ɗaya ma a cinyarta ya yi tafiyar.

Ba gidan Maitama aka kai mu ba. Wani gida aka kama mana a Kubwa, mai kyau, da abinci da komai, ba zan yi ƙarya ba. Amma wanda ya san Abuja ya san tazarar. Washegari da muka je yini, ƙanwar matar Baffa ce ta tarbe mu, ta kalli bokitan ta ce, "Ayya Goggo, da ba ki wahalar da kanki ba, an riga an ba da aikin gara." Ta kira wani yaro ya kwashe su zuwa sito.

Na ga garar tasu a falo. Kwalaye masu ribon, kowanne da sunan amarya da ango. Kyau kam ta yi kyau.

Daren dina. Goggo ta fito da atamfarta ta ƙasan adaka, wadda take cewa ta fi ni shekaru, ta sha turare, haƙorin Makka na walƙiya. Duk muka ɗuru a bas. Babu wanda ya ce kada mu zo, babu kuma wanda ya ce mu zo.

A ƙofar holin wasu ƙarti ne cikin baƙaƙen kaya, ɗaya riƙe da na'ura yana haska kati. Goggo ta miƙa farin katinta da hannu biyu. Ya jujjuya shi ya mayar mata.

Ta ce, "Yaro, ni na goyi uban amarya."

Ya ce, da Hausarsa da ba ta nuna ba, "Mama, yi haƙuri. Wannan ba na nan ba ne."

Bai yi mata tsawa ba, bai ture ta ba. Da ma ya yi, da na samu wanda zan tsana.

Babanmu ya ciro nasa ya ba ta. Ta ce, "In shiga in bar 'yan'uwana a titi?" Ta ƙi. Shi ma ya mayar aljihu ya ce to ba inda za shi. Ya kira wayar Baffa sau uku, ba a ɗauka ba. Sai aka ce ni da nake da kati in shiga in nemo wani babba.

A nan ne nawa laifin yake, kuma shi ya sa na jima ban ba da labarin nan ba.

Na shiga. Jama'a, shafi na 52 na littafina na gani a tsaye. Furanni har rufi, hayaƙi na bin ƙasa, fitilu, ƙamshi. Daidai lokacin aka ce ga amarya nan. Na ce bari in ga shigowarta kawai, minti biyu. Aka nuna min teburinmu, can ƙarshe kusa da ƙofar da masu abinci ke fitowa. Na zauna. Na ɗauki bidiyo. Aka fara liƙi, na ga dala da idona. Har a raina ina cewa wannan rigar zan sa wa jarumata a dina ta biyu.

Da na duba waya, minti 40 sun wuce.

Na yi ƙoƙarin isa wajen Baffa, ba zan ce ban yi ba. Amma teburinsa na zagaye da manyan baƙi da masu tsaronsu, wata mai tsara biki ta kalli leshina sama da ƙasa ta ce in koma mazaunina. Na samu ƙanwar matarsa, ta ce tana zuwa. Ba ta zo ba.

Na fito. Sun koma gefen bas, can bayan inda aka jera motoci. Goggo ta shimfiɗa ɗankwali ta yi isha'i, tana zaune tana jan carbi. Babanmu ya sayo musu shayi da burodi. Ta ɗago ta ce, "'Yar nan, kin gan ta? Ta yi kyau?"

Na ce ta yi kyau. Ta ce in nuna mata. A wayata Goggo ta ga shigowar jikarta, a bidiyon da na tsaya ɗauka lokacin da take jira na. Sau uku ta sa na maimaita mata, tana ta sa albarka.

Can wajen 11 wani ma'aikaci ya fito musu da abinci a robobi. Wata Innarmu, matar ƙanin kakanmu, ta buɗe nata, ta kalli naman, ta ciro leda daga jaka ta juye. Ta ga ina kallonta sai ta yi 'yar dariya ta ce, "Na yi wa yara alkawarin naman bikin Abuja." Marayun ɗanta huɗu take riƙo.

Leda a ƙarƙashin mayafi. Ni na rubuta wannan da hannuna, mutane suka biya ni, muka yi dariya tare. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina wa tsohuwar take kai wa naman ba.

Da safe Baffa ya zo Kubwa da kansa, a rikice. Ya durƙusa gaban Goggo, babbar riga na jan ƙasa, yana cewa, "Yaya, wallahi ban sani ba, masu tsara bikin ne suka raba katin." Na yarda da shi har yau. Abin da ya fi ci min rai ke nan ma. Ba sai wani ya ƙulla mugunta ba. An ba wasu aiki su jera mutane bisa daraja, suka duba, suka jera.

Goggo ta ce, "Tashi, tashi. Biki ai na yara ne." Abu ɗaya ta tambaya, ko amarya ta ɗanɗana alkakin. Ya ce ta ci har ta yaba. Yaron da ya rako shi ya kalli ƙasa.

A hanyar dawowa na yi ta tunanin littattafan da na tarar a ɗakin Umma. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, 1991. Sumayya 'yar masu hali ce, Muhammad talaka, ga Abdulƙadir mai kuɗi yana nema, ta ce ita sai Muhammad, har ta kai ta faɗa rijiya. Duk wanda ya karanta, bayan talakan ya bi. Ko fim ɗin Indiyan nan da muka haddace, Kabhi Khushi Kabhie Gham na 2001, ɗan gidan ne ya bar dukiyar ubansa ya bi 'yar unguwar talakawa.

A can kuɗi shi ne katangar da masoya ke fama da ita. A namu na yanzu kuɗi shi ne ladan haƙuri. Yarinya ta sha wuya, Allah ya saka mata da mai jirgi. Kuma ranar da ta shiga gidan, danginta sun zama abin kunya, sai dai a kawo su shafi ɗaya a yi nishaɗi da su a mayar da su mota.

Har Crazy Rich Asians na sake dubawa, na Kevin Kwan, littafin 2013 da aka yi fim ɗinsa a 2018. Shi ma bikin masu kuɗi ne, a Singafo, da uwar saurayi mai raina asalin budurwa. Amma Kwan a cikin irin waɗannan gidajen aka haife shi, ya san su, kuma su yake yi wa dariya. Mu daga bakin ƙofa muke leƙe. Mun san kuɗin leshi da sunan turare, ba mu san me ake faɗa a teburin gaba ba. Waɗanda muka sani ciki da bai su ne na cikin bas, sai muka juya dariyar kansu.

Guruf ɗina mutum 600 da wani abu ne. Na san da yawansu. Ɗalibai, matan aure masu saƙa da sayar da turaren wuta, masu haɗa 500 ɗin a sati biyu. In aka yi irin wancan bikin a danginsu, kusan dukkanmu farin kati za a ba mu. Amma kowa in tana karatu a kujerar amarya take zaune.

Na san me za a ce. Labari ne kawai, mutum ya gaji da rashin wuta da tsadar shinkafa, a bar shi ya yi mafarkin awa ɗaya. Na yarda, ni ma don haka nake karantawa. Kuma ba na cikin masu cewa a hana. An taɓa ƙona littattafan Hausa a Kano a 2007, ba abin da ya rage, rubutun ma waya ya koma inda ashana ba ta kaiwa.

Sai dai mafarkin ba ya tsayawa a waya. Wata uku bayan Abuja aka kawo lefen ƙanwata. Malamin sakandare ne, yaron kirki, shekara biyu yana tari. Akwati uku, kaya masu kyau daidai ƙarfinsa. Da baƙi suka tafi ta shiga ɗaki ta rufe. Na bi ta ina faɗa, ina kawo mata cewa sadaki ma mafi ƙaranci rubu'in dinari ne, lefe al'ada ce.

Ta ɗago da jajayen ido ta ce, "Yaya, ke fa 'yar aiki kika yi wa akwati 24."

Na buɗe baki na rufe. An yi auren, suna zaune lafiya, alhamdu lillahi. Amma hoton lefen nan ba ta ɗora a ko'ina ba, kuma na san dalili.

Na gwada gyarawa. Na rubuta sabon shafi, na koma daren dinar littafin, amma ta idon tsohuwar nan mai goro. Na ba ta suna, na ba ta jikoki, na nuna akuyar da ta sayar ta yi kuɗin mota. Ina ganin shi ne abu mafi kyau da na taɓa rubutawa.

Mutum tara suka yi sharhi. Biyu sun ce sun yi kuka. Sauran suka ce, Anti ina ruwanmu da tsohuwa, a koma wajen ango, an bar mu a ƙofar ɗakin amarya. Wata ta ce in dai wa'azi za a koma a mayar mata da kuɗinta. Na mayar mata.

Ban ji haushinsu ba, abin da na saba musu da shi suka nema. Na zauna in ci gaba daga inda aka tsaya, a kai amarya, a buɗe gidan mai hawa uku, sai hannuna ya ƙi. Ga dalilin wata bakwai ɗin, ke da kika tambaya. Waɗanda suka biya, ku yi min magana, ko in ƙarasa muku a taƙaice ko in dawo da kuɗinku, duk wanda kuka zaɓa.

Shafi na 47 yana nan ban goge ba. An riga an kwafe shi zuwa gurufan da ban san adadinsu ba, har na ji wani yana karanta shi a YouTube yana kwaikwayon muryar tsohuwar.

Satin da ya wuce na je gaida Goggo. Na tarar da maƙwabciyarta, tana ba ta labarin bikin Abuja karo na ban san nawa ba. Ta sa hannu a jakar da take ajiye Alƙur'aninta ta ciro farin katin nan, ko lanƙwasa bai yi ba, ta miƙa mata ta ce ta shafa ta ji takardar. Sai ta juyo ta ce, "'Yar nan, an ce kina rubuta littafi. Yaushe za ki karanta min?"

Na ce sai na gama, Goggo.